Sayar da Hotuna da Bidiyo a Intanet: Nawa Ake Samu, Kuma Me Muke da Shi a Kaduna na Sayarwa?

Waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba, ga shirin a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau maganar kuɗin intanet za mu yi. Na san da jin haka wasu sun gyara zama, wasu kuma sun taɓe baki, domin an sha mu mun warke. An yi zamanin mainin, duk wanda ka gani a keke Napep kansa a sunkuye yana dandanna waya. An yi na zuba dubu goma ka kwashi dubu ashirin. Kowa ya san inda aka kwana.

Wadda na kawo yau sana'a ce ta gaske, kamfanonin da ke yinta sun haura shekara ashirin suna biyan mutane. Amma tun daga farko bari in faɗa muku, kuɗinta ƙanana ne kuma a hankali suke zuwa. Wanda yake neman kuɗin haya na ƙarshen watan nan, wannan ba za ta fisshe shi ba. Wanda kuma yake da waya mai kyamara mai kyau, da haƙuri, da mutanen da suka yarda da shi a unguwa, to ya tsaya mu yi lissafi tare.

MENE NE ABIN?

Ku duba allon talla na banki ko na kamfanin waya a kan titin Ahmadu Bello. Ku duba rahoton wata ƙungiyar agaji, ko bangon littafin makaranta, ko labarin jarida a kan tsadar abinci. Kusan kowanne da hoto. Sau da yawa masu aikin ba su aika kowa ya ɗauko hoton ba, saye suka yi daga wani rumbu a intanet inda masu hoto daga ko'ina a duniya suke zuba hotunansu. A Turance ana ce wa irin waɗannan hotuna "stock", mu kuma mu kira su hotunan rumbu.

Kai ka ɗauki hoto ka ɗora. Kamfanin ya tantance, in ya karɓa ya baje shi a rumbunsa. Mai buƙata ya zo ya biya, kamfani ya ɗauki kasonsa ya ba ka naka. Kamfanin dillali ne kawai, kamar dillalan Zango, sai dai shi wannan dillalin kasonsa ya fi na mai kaya.

Abin da ya sa sana'ar take da daɗi shi ne ba hoton ake saye ba, izinin amfani da shi ake saye, wato lasisi. In ka sayar da rago ya tafi kenan. Hoto kuwa yana nan a hannunka, haƙƙin mallakarsa naka ne. Yau wani a Legas ya biya, gobe wani a Jamus ya biya, baɗi wani a Dubai ya biya, duk a kan hoto guda. Kuma muddin ba ka sa hannu a yarjejeniyar keɓe kanka ga kamfani ɗaya ba, kana iya ɗora hoton nan a kamfanoni uku ko huɗu a lokaci guda.

Manyan kamfanonin su ne Shutterstock, wanda wani Ba'amurke mai suna Jon Oringer ya kafa a New York a 2003, ya fara da hotuna kusan 30,000 da ya ɗauka da kansa. Akwai Getty Images da aka kafa a 1995, wanda ya sayi iStock a 2006. Akwai Adobe Stock da aka buɗe a 2015. Akwai Alamy na Ingila. Akwai kuma Pond5 da ya fi ƙarfi a bidiyo, shi ma Shutterstock ya saye shi a 2022. Rajista a dukkansu kyauta ce. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

YANZU GA LISSAFIN

Nan ne masu tallan aji a WhatsApp ba sa son tsayawa, to mu nan za mu tsaya.

A Shutterstock, tun tsakiyar 2020, sabon shiga yana farawa da kashi 15 cikin 100 na kuɗin da aka biya. In aka sayi hotunanka sau fiye da 100 a cikin shekara ka hau kashi 20. Fiye da 250, kashi 25. Fiye da 500, kashi 30. Mataki mafi girma kashi 40 ne, shi kuwa sai an saya sau fiye da 25,000. Ga inda gizo ke saƙa: kowace ranar 1 ga Janairu ana mayar da kowa mataki na farko, a sake hawa daga ƙasa.

Mafi yawan masu saye kuma ba ɗai-ɗai suke saye ba. Kuɗin wata suke biya su kwashi hotuna da yawa, don haka farashin kowane hoto ya faɗi warwas. Abin da zai iso hannunka a irin wannan ciniki yakan sauka har senti 10 na dala. Senti goma fa, jama'a. Kafin ka tara dala 25 a wannan farashi sai an sayi hotunanka sau 250. Wani lokaci ciniki mai tsoka yakan faɗo, hoto ɗaya ya kawo dala da yawa, amma ba a gina lissafi a kan sa'a.

Adobe Stock yana ba da kashi 33 a hoto, kashi 35 a bidiyo, kuma sai kuɗinka sun kai dala 25 za ka iya cira. iStock yana ba wanda bai keɓe kansa gare su ba kashi 15 a hoto, kashi 20 a bidiyo, kuma sai ka tara dala 100. Waɗannan sharuɗɗa kamfanonin sukan canza su, don haka ranar da za ka yi rajista ka zauna ka karanta da idonka.

Saura haraji. Za a ba ka fom mai suna W-8BEN ka cike, na hukumar harajin Amurka. Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, saboda haka duk cinikin da mai sayensa yake Amurka za a cire kashi 30 daga kasonka. Senti 10 ɗin nan ya koma 7. Cinikin da ya zo daga wasu ƙasashe wannan cirewar ba ta shafe shi ba.

To mai hankali zai ce, in haka ne meye amfanin? Amfanin biyu ne. Na farko, dala ce, kuma hoton da ka ɗora bana yana iya ci gaba da kawo ɗan abin da ya samu shekara biyar ba tare da ka sake fita rana ba. Da yayyafi kogi kan cika. Na biyu, senti 10 farashin hoton da kowa yake da irinsa ne, a kasuwar da ta cika maƙil. Shutterstock kaɗai yana da hotuna ɗaruruwan miliyoyi. In ka ɗora faɗuwar rana, ko fure, ko kyanwar gidanku, ka jefa allura a cikin tafki. Tambayar ita ce, me kake da shi da mai hoto a Landan ko Legas ba shi da shi?

ABIN DA MUKE DA SHI

Ku yi wannan gwajin da kanku bayan shirin. Ku shiga ɗaya daga cikin rumbunan nan ku rubuta Kaduna. Ni duk lokacin da na yi, abin da ya fi tsaya min a ido shi ne hotunan labarai: jami'an tsaro, taron 'yan siyasa, iyaye suna kuka bayan an sace 'ya'yansu. Waɗannan abubuwa sun faru, babu mai musu. Amma sai ku sake rubuta masa, ko kunun gyaɗa, ko ɗalibar jami'a mai hijabi a gaban kwamfuta, ko maƙerin Panteka, ku kwatanta yawan abin da zai fito da abin da zai fito in kun rubuta sunan wani abincin Turawa.

Wannan giɓin shi ne kasuwarmu, kuma shi ne abin da ya fi damuna a matsayina na mai fafutukar matasa. Ma'aikacin wata ƙungiya da ke zaune a Abuja ko Janeba yana rubuta rahoto a kan ilimin 'ya'ya mata a Arewa, yana buƙatar hoto kafin a tashi aiki. Abin da ya samu a rumbu shi zai sa. In yarinya mai tallan goro cikin ƙura kawai ya samu, ita za ta wakilce mu. In ya rasa, ya sa hoton wata ƙasa can daban, wanda da ka ga ɗaurin ɗankwalin ka san ba namu ba ne. Gani ya kori ji, kuma abin da duniya take gani a kanmu wasu ne suke zaɓa.

Wasu sun daɗe da gane wannan. A 2017 Karen Okonkwo, 'yar asalin Najeriya, da Joshua Kissi, ɗan asalin Gana, suka kafa TONL a Amurka don samar da hotunan rumbu na baƙaƙen fata da sauran waɗanda ba a cika gani ba. A nan gida, Fati Abubakar ta fito da rayuwar yau da kullum ta Maiduguri a shafinta na Bits of Borno a lokacin da duniya ba ta san komai game da garin ba sai bam. Sani Maikatanga na Kano ya zo na ɗaya a gasar Wiki Loves Africa ta 2023 da hoton ambaliyar Auyo a Jigawa. Waɗannan biyun ba ta hanyar rumbu suka yi suna ba, amma sun nuna cewa in ɗan gida ya ɗauki gida, duniya tana tsayawa ta kalla.

Yanzu ku zaga da ni a wannan ɓangaren namu na arewacin kogi. Kasuwar Kawo ranar Talata: buhunan masara, tattasai da attaruhu a baje, awo da mudu, masu dako. Bakin Dogo da kayan gwari. Kasuwar Shehu Abubakar Gumi da layin atamfa da shadda. Teloli a Kasuwar Barci ana saura mako biyu Sallah. Panteka, inda ake mayar da tsohon ƙarfe murhu da injin niƙa. Raguna a Zango kafin Babbar Sallah. Dawakin folo a Dandalin Murtala. Gadar Kawo da magariba motoci sun kunna fitila. Tsohuwar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru aka kafa a Gamji. Masu wankin yashi da masu lambu a bakin kogi ta wajen Unguwar Rimi da Malali.

Sannan ga abubuwan da masu talla suke nema kullum amma da fuskarmu: mai shago yana karɓar kuɗi ta waya, matashi yana ɗaura sola a kan rufi, ma'aikaciyar jinya tana auna jinin tsohuwa, iyali sun zauna buɗa-baki, uba yana taya 'yarsa aikin gida, amarya ana yi mata lalle. Ga abinci kuwa ba a magana: masa da miyar taushe, ɗanwake, awara, fura da nono a ƙwarya, kilishi, dambun nama, zoɓo, citta ɗanya da busasshiya, wadda jiharmu ce kan gaba wajen nomanta a ƙasar nan.

Mai hoto daga waje zai iya zuwa da kyamarar miliyoyi, amma ba zai shiga tsakar gidanku lokacin da Inna take tuyar masa ba. Kai kana shiga. Jarinka kenan.

HOTON TALLA DA HOTON LABARI

Wannan ɓangaren ku saurara da kyau, domin nan ne haƙƙin mutane yake.

Hotunan rumbu kashi biyu ne. Akwai hoton talla, wanda mai saye zai iya sa shi a allo, a kwalin kaya, a tallan Facebook. Akwai hoton labari, wanda jarida ko littafi ko shirin tarihi ne kawai za su yi amfani da shi, ba a tallata kaya da shi.

Hoton talla yana da sharuɗɗa. Duk mutumin da za a iya gane shi a ciki sai ya sa hannu a takardar amincewa, wadda kamfanin yake bayarwa. In yaro ne ƙasa da shekara 18, uba ko uwa ko waliyyi ne zai sa hannu. Kada tambarin kowane kamfani ya fito: na jikin riga, na bayan waya, na injin POS, na lemar mai sayar da kati, har lambar mota. In cikin gidan wani ne ko shagonsa, ko zanen wani mai zane ne ya fito sosai, shi ma akwai takardarsa.

Hoton labari ba a neman wannan takarda, shi ya sa kasuwa da taron jama'a suka fi dacewa da shi. Amma ana so ka rubuta gari, ƙasa, kwanan wata da ainihin abin da ke faruwa, kuma ba a yarda ka goge wani abu ko ka ƙara wani abu a cikin hoton ba.

To ga maganar da nake so ta zauna. Da zarar ƙanwarka ta sa hannu a takardar nan, ba kai ba ne za ka zaɓi mai saye, ita ma ba ita ba ce. Hotonta yana iya fitowa a tallan makaranta, yana iya fitowa a tallan bankin bashi da ruwa, yana iya fitowa a ƙasidar wayar da kai a kan wata cuta. Kamfanonin sun hana amfani da hoto ta hanyar batsa ko ɓata suna, amma hani a takarda daban, bin sawun kowane mai saye a duniya daban. Ko ka cire hoton daga rumbu daga baya, wanda ya riga ya saya yana da izininsa. A garin da hoto ɗaya yake iya ɓata maganar aure, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Saboda haka takardar da aka rubuta da Turanci, ka fassara wa mutum ita da Hausa, dalla-dalla. Ka ce, "Baba, hoton nan zan sa shi a kasuwar intanet, wani kamfani yana iya saye ya yi talla da shi, ban san wane ba, kuma in ya fita ba ya dawowa. Ka yarda?" In ya ce a'a, ka yi godiya ka wuce. In ya yarda, ku yi maganar abin da za ka ba shi tun kafin ka danna. Ko kuɗi ne, ko ka wanke masa hoton ka kawo, ko ka ɗaukar masa hotunan kayansa kyauta ya tallata sana'arsa. Matar aure ko budurwa, a bari ta yi shawara da gida, kada a sa ta a kunya ta sa hannu a tsaye.

Sai almajirai. Na san hotonsu yana jan ido, na san kuma a matsayin hoton labari kamfani zai iya karɓa ba tare da takarda ba. Amma yaro ne, iyayensa ba sa kusa, ba shi da bakin cewa a'a. Ka ɗauki fuskarsa da kwanonsa ka samu senti goma, shi kuma ya zama hoton talaucin Arewa na shekara ashirin. Ni a ganina wannan cinikin bai yi ba. Mun zo cike giɓi ne, kada mu ƙara wa tulin da muke kuka da shi.

Akwai hanya mai sauƙi ga mai farawa: hoton da babu fuska. Hannu yana juya masa a tanda. Hannu yana auna gero. Ƙafa a kan keken ɗinki. Abinci a faranti daga sama. Irin waɗannan suna da kasuwa, kuma babu wanda za a nuna da yatsa a unguwa.

INDA BA A ƊAGA WAYA

Kaduna garin soja ne, kowa ya sani. Hedikwatar Runduna ta Ɗaya tana Kawo, ga tsohuwar NDA, ga sansanin sojan sama ta wajen Mando. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro ba da izini ba. Bariki, shingen bincike, ayarin jami'ai, ka mayar da wayarka aljihu. Wurare irin su Majalisar Dokoki ta Lugard Hall, Gidan Arewa, gidan tarihi na titin Ali Akilu da tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, ka nemi izinin masu kula da wurin tukuna. Jirgi maras matuƙi kuwa, doka ta ce sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kada ka ari na abokinka ka tayar a kan gadar Kawo.

A kasuwa, ka fara da gaisuwa. Ka nemi shugabannin layin, ka faɗi abin da ya kawo ka. Ka sayi wani abu ko na ɗari biyar ne. Kuma ku tafi ku biyu, ɗaya yana ɗauka ɗaya yana lura, saboda masu ƙwacen waya.

KAYAN AIKI DA YADDA AKE ƊAUKA

Waya ta isa a fara. Shutterstock da Adobe Stock suna karɓar hoto daga megafiksel 4 zuwa sama, kuma wayoyin yanzu sun wuce haka nesa. Abin da yake sa a ƙi hoto yawanci shi ne dishi-dishi, rashin haske, girgizar hannu, da editin da ya yi yawa. Ka goge gilashin kyamara. Kada ka zuƙo hoto da yatsa, ka taka ka matsa kusa. Ka manta da filta ɗin da ke mayar da mutum fari fat.

Haske mafi kyau shi ne na hantsi da na bayan la'asar. Rana tsaka tana ƙona hoto, ta sa inuwa a idon mutum. Hazon hunturu yana tausasa haske, damina kuma tana wanke gari ta fito da kore. Ka bar fili a gefe ɗaya na hoton, domin mai talla yana neman inda zai sa rubutu. Kowane abu ka ɗauke shi a tsaye, ka ɗauke shi a kwance, daga nesa da kuma kusa.

Bidiyo ya fi hoto kuɗi a kowane ciniki, kuma masu yinsa ba su kai masu hoto yawa ba. Gajere ake so, daga daƙiƙa 5 zuwa 60, abu ɗaya yana faruwa: ana zuba shayi daga sama, ana dama fura, tartsatsin walda, motoci suna wucewa. Ka kafa wayar a kan abin riƙewa don kada ta yi rawa. Matsalarsa nauyi, yana cin data, don haka a haɗa shi da garaɓasar dare ko inda ake da intanet mai ƙarfi.

Ka riƙa gaba da kalanda. Mai shirya tallan azumi ba ranar ganin wata yake neman hoto ba, tun wata biyu ko uku kafin nan yake nema. Hotunan Sallar bana, ka ɗora su don ta baɗi.

SUNAN DA ZA KA BA HOTON

Hoto mai kyau da ba a yi masa bayani mai kyau ba, kaya ne a shagon da babu ƙofa. Mai saye rubutu yake yi a wurin bincike, don haka kowane hoto yana buƙatar take da kalmomin bincike, da Turanci, har kusan 50. A Adobe Stock goman farko sun fi nauyi.

Nan ma ɗan gida ya fi baƙo. Baƙo zai ga masa ya rubuta abincin Afirka kawai. Kai za ka rubuta masa, waina, Hausa, Kaduna, Nigeria, Ramadan, iftar, sannan ka ƙara kalmomin Turanci na shinkafa, karin kumallo, abincin titi. Ka san bambancin babbar riga da kaftani, ka san zanna bukar da ƙube. Kada dai ka cusa kalmar da ba ta cikin hoton don jan masu saye, ana hukunta mai yin haka.

KARƁAR KUƊI DA 'YAN DAMFARA

PayPal ya daɗe yana wahalar da 'yan Najeriya wajen karɓar kuɗi, shi ya sa mafi yawa suke bi ta Payoneer, daga nan su tura asusun bankinsu na gida. Sai ka kai shekara 18. Sunan da ka yi rajista da shi ya zama daidai da na katin shaidarka da na bankinka, harafi da harafi. Mu da muke da Muhammad a nan, Mohammed a can, a gyara tun wuri.

Na ce ku riƙe maganar rajista kyauta ce. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya buɗe maka asusu, ko ya sayar maka da asusun da ya riga ya tara dala, ko ya ba ka hotuna dubu ka ɗora, ɓarawo ne ko zai mayar da kai ɓarawo. Ɗora hoton da ba kai ka ɗauka ba yana jawo a rufe asusunka har da kuɗin ciki. A gida ma laifi ne ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda ita ce kuma take kare naka hoton in wani ya sata.

TO ƘIRƘIRARRIYAR BASIRA FA?

Wani zai ce yanzu da manhaja take zana hoto cikin daƙiƙa, wa zai saya? Tambayar tana kan hanya. Kasuwar ta girgiza, har Getty Images da Shutterstock suka sanar a Janairun 2025 cewa za su haɗe. Getty ya hana ɗora hotunan ƙirƙirarriyar basira tun 2022, Adobe Stock kuma yana karɓa in an bayyana cewa na'ura ce ta yi. Hoton da ya fi shiga haɗari shi ne gama-gari, irin mutum cikin kwat yana murmushi a ofis.

Amma jarida ba za ta sa zanen na'ura ta ce ga kasuwar Kawo ranar Talata ba, dole sai hoton gaske mai kwanan wata. Sannan ku gwada ce wa manhajar ta zana muku mai tuyar masa a Unguwar Shanu, ku ga irin tandar da hular da za ta ƙaƙaba. Daga hotunan da ke akwai take koyo, namu kuwa ba su da yawa a ciki. Ku sani kuma wasu kamfanonin suna ba da hotunan rumbunsu a horar da waɗannan manhajoji, suna biyan masu hoto wani ɗan abu. Ku duba saitin asusunku ku ga abin da aka ba ku zaɓi a kai.

IN ZA KA FARA

Ga shawarata. Ka zaɓi fanni ɗaya da kake da hanyar shiga: in gidanku ana sana'ar abinci, abinci, in babanka tela ne, ɗinki, in kina karatun jinya, lafiya, amma da izini ba a kan marasa lafiya ba. Ka buɗe asusu a kamfani biyu. Ka sa wa kanka hoto 20 da bidiyo 5 a kowane mako, masu kyau, da cikakken bayani. A wata shida ka haura hoto 500. Sannan ka zauna ka duba wanne aka saya, wanne aka ƙi kuma don me, ka lissafa data da kuɗin mota da ka kashe. Lissafin ne zai gaya maka ko ka ci gaba, ba ni ba.

Kada ka bar aikinka ko karatunka saboda wannan. Ko cinikin rumbu bai yi yawa ba, hannunka ya faɗa, kana da tarin aikin da za ka nuna. Mai gidan abinci a Unguwar Rimi da mai sayar da atamfa a Instagram suna buƙatar mai ɗaukar musu hoto, su kuma naira suke biya a take.

Abin da nake roƙo ɗaya ne. Duk wanda zai shiga, ya tuna mutanen da ke cikin hoton maƙwabtansa ne, gobe zai haɗu da su a masallaci ko coci ko wajen biki. Ka ɗauke su yadda in sun ga hoton a allo za su kira 'yan uwa su zo su gani.

Nan za mu dasa aya. A shiri na gaba za mu zauna a kan takardar amincewar nan, mu bi ta layi-layi da Hausa, don kowa ya san abin da yake sa wa hannu. A tura wa wanda ya dace.